Jarka Goma Sha Huɗu a Motar Baba

Laraba, saura kwana ashirin da shida a koma makaranta

Zuwa ga Baffana na cikin jirgin ruwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zafin ɗakin inji? Mu nan lafiya lau. Kumburin ƙafar Umma ya sauka, tarin Baba ya yi sauƙi, ni kuma in ban da kunyar da ka sani babu abin da ke damuna.

Baffa, motar Baba ce ta kwanta, bas ɗin nan da yake kai yara goma sha huɗu makarantar reno ta kan tudu. Ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone, wato akwatin da ke ba injekta umarnin fesa mai. An zaga kasuwar kayan mota kaf, babu irinta. Tsawa mai gareji ya ce a cire injekta gaba ɗaya a ɗora mata kafireta irin ta da, wadda ba ta jiran umarnin kowa. Baba ya yarda.

Ga inda gizo ke saƙar. Shugabar makaranta ta ce ranar Asabar ɗin ƙarshen hutu ita da kanta za ta shiga motar a hau tudu da ita. In motar ba ta tashi ba, ko ba ta gamsu ba, za ta ba wani direba yaran. Shekara goma sha ɗaya Baba yana ɗaukar yaran makarantar nan. Wasu tun ba sa iya hawa matakala yake ɗaga su.

Jiya na kai masa abinci gareji, na maƙale bayan ƙofa kamar yadda na saba. Sai na ga Tsawa ya zaro wani kamshaf daga ƙarƙashin tebur ya ɗaga shi sama, kai ka ce jarumin littafi ne ya zaro takobi. Ya ce na motar tsere ne, kuma duk wanda ya koma kafireta dole ya canza kamshaf, domin na injekta rago ne. Baba sai gyaɗa kai yake.

Ni dai raina bai kwanta ba. Zan faɗa maka wani sirri: littafin injin da ka bari a akwatinka ina karanta shi. Na sa masa bangon wani littafin soyayya, saboda Umma ta saba ganina da irin waɗannan ba ta tambaya, amma da za ta gan ni da hoton fistin ɗin inji sai an kira taron dangi. A ciki na gane kamshaf sanda ce mai tozaye da ke buɗe wa inji ƙofofin numfashi tana rufewa. Abin da ban gane ba, wane irin tozo ya dace da motar Baba?

Baba ya ce, "Rubuta wa ƙanen nan nawa mai boko mu ji ta bakinsa." Ka ga ba da kaina na yi ba. To, da kaina na yi, amma da izini.

Ka amsa da wuri don Allah.

'Yarka,
Kurciya

*

Daga tashar jirgi

Kurciyata,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta har sau biyu ina dariya ni kaɗai, har mai dafa mana abinci ya leƙo ya ga ko lafiya. Ina nan ƙalau, sai ɗan ciwon baya na masu sunkuyo. Ki gaida Yaya, ki gaida Umma, ki ce mata ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Ki karanta wa Yaya wannan.

Tsawa bai yi ƙarya ba. Kamshaf ɗin da aka yi don injekta da wanda aka yi don kafireta ba yanka ɗaya aka yi musu ba, kuma na tsere yana ƙara wa inji ƙarfi ƙwarai.

Amma ƙarfin a ina? A can sama, lokacin da inji ke kururuwa a miƙaƙƙen titi. Babban tozo yana barin ƙofar shiga da ta fita a buɗe tare na ɗan lokaci. In ana gudu, wannan alheri ne. In mota tana tsaye a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ko tana rarrafe da kaya, sai zuƙar injin ta yi rauni, kamar mai shan ruwa da tsinke mai huda. Ita kuwa kafireta da wannan zuƙar take rayuwa, da ita take janyo mai. Abin da ya fi muni, tukunyar da ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki ita ma daga zuƙar nan take ci.

Motar Yaya ba tsere take ba. Tudu take hawa a giya ɗaya da biyu, cike da 'ya'yan mutane. Saboda haka kamshaf ɗinta na asali, mai ƙananan tozaye, shi ne mijinta. A bar shi inda yake.

Tsawa zai ce na asalin ba shi da tozon da ke kaɗa famfon mai irin na da. Gaskiya ne. Maganinsa ƙaramin famfon lantarki mai sanyin turi. Wancan famfon na injekta a cire shi, in ba haka ba zai cika kafireta har ta yi ambaliya. A kuma sa distiributa na tsohon yayi, mai raba wa inji wuta.

A ƙasan akwatina akwai wani agogo mai jar tiyo, na auna zuƙar inji ne. In allurarsa ta tsaya cak tsakanin sha bakwai da ashirin a silo, inji lafiya yake.

Jibi jirginmu zai fita, mako biyu ko uku ba mu ga ƙasa ba. Littafin kuwa ki ci gaba da karantawa, bangon ma ya dace, ai duk labarin zuciya ne.

Baffanki

*

Lahadi, saura kwana goma sha biyar

Baffa,

Sallama da gaisuwa. Da fatan ruwa ya kwanta muku, bayan kuma ya daina ciwo. Umma tana gaishe ka, ta ce matashin ya yi amfani. Kowa lafiya.

Na yi laifi, kuma gara ka ji daga bakina.

Ranar da takardarka ta iso, Baba yana tsakar gida yana ɗaure takalmi. Ya ce in karanta. Na fara. Ina kaiwa "yana ƙara wa inji ƙarfi ƙwarai" sai ya buga cinya ya ce, "Alhamdulillahi! Yau boko da gareji sun yi baki ɗaya." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ni ina kallon "amma" ɗinka a kan takarda, ƙato, da ƙyar na ce, "Baba..." Ya juyo ya ce, "Na'am?" Wallahi Baffa sai na ji harshena ya yi nauyin dutsen niƙa. Na ce, "A dawo lafiya."

A littattafan da nake karantawa, duk yarinyar da ta haɗiye magana a babi na uku sai ta yi kuka har babi na ashirin. Kullum ina jin haushinsu. Ashe 'yan'uwana ne.

An saka kamshaf ɗin tsere ranar Alhamis, jiya aka tayar da mota. Ba zan ɓoye maka ba, muryarta ta yi daɗi. Tana wani gurnani, dum, dudum, dum, dudum, kamar zuciyar wadda ta hango masoyinta daga nesa bayan shekara bakwai. Har gilashin tagar gareji rawa yake. Masu wucewa suka tsaya. Tsawa ya buga ƙirji ya ce, "Direba, ka ji namijin inji? Da tunkiya kake tuƙawa, yau ka samu zaki!" Baba yana ta murmushi, rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin motar ta kwanta. Ni ma sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma na lura sau biyu tana mutuwa da an ɗaga ƙafa daga totur. Tsawa ya ce sabon shiga ne, za ta saba, ya murɗa silo ya ƙara sama.

Abu ɗaya na yi. Tsohon kamshaf ɗin na gan shi a tulin ƙarafan da za a zubar. Da suka tafi salla na ɗauke shi, na shafe shi da mai, na naɗe a tsohon zanen Umma. Yanzu yana ƙarƙashin gadona. Nauyinsa ya kusa cire mini kafaɗa, kuma maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko rake na sayo.

Me zan yi? Ka rubuto wa Baba da kanka, da manyan haruffa, ka fara da "amma".

Kurciya

*

Talata, saura kwana shida

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya kake. Mu lafiya lau. Kullum sai na leƙa gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga bakin ƙofa. Na san ka ce za ku fita, amma zuciya ba ta jin lissafi, sai take ce mini fushi ka yi da ni. In fushin ne, ka karanta wannan tukuna.

Da na ga kwanaki suna zubewa babu amsa, sai na daina jira. Ranar Juma'a na ɗauko agogonka mai jar tiyo. Baba ya bar mota tana ɗumi a ƙofar gida ya shiga wanka, na buɗe na jona shi inda littafi ya nuna. Allurar ba ta ko kusanci sha bakwai ba. Tana kan tara, tana karkarwa kamar ni a gaban baƙi.

Ranar Lahadi da safe muna shan shayi na ajiye kofi na ce, "Baba, takardar Baffa ba ta ƙare ba ran nan." Na karanta masa saura ba tare da na ɗaga kai ba. Da na gama ya ce, "Mutumin da ke kan ruwa me ya sani game da tudu? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Na ce, "To a gwada. Mu cika jarka goma sha huɗu da ruwa, kowace nauyin yaro guda, mu hau tudun da su. In ta hau lafiya, ba zan ƙara magana ba."

Umma ta ce, "Yo da ma magana kike yi?"

Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ina jin dariyar ce ta sa ya yarda.

Na aro jarkoki a gidaje huɗu. Na zaunar da kowace a kujerar yaron da take wakilta, na rubuta suna da alli: 'Yan Biyu a baya, Sarkin Kuka kusa da taga, Mai Tambaya a tsakiya, ita kuma 'Yar Ƙarama a kujerar bayan direba, inda Baba ke ajiye ta don ya riƙa ganinta a madubi. Baba ya ce, "Ke dai littattafan nan sun gama da ke."

A miƙaƙƙen titi motar ta yi gudu, ba ƙarya. Baba yana kallona ta gefen ido yana cewa, "To? To?" Muna fara hawa sai ta soma shaƙewa. Ka san akwai tudun rage gudu guda uku kafin ƙofar makaranta. Na farko ya taka birki, lafiya. Na biyu na ga ya ƙara danna ƙafa. A na uku injin ya yi dum ɗaya ya mutu, Baba ya taka birki, na ga gwiwarsa ta miƙe, bayansa ya manne da kujera. Motar ta fara komawa baya.

Bai fi taku biyar ba, Baffa. Ya fizgi birkin hannu da hannu biyu, muka tsaya da wani irin girgiza. Jarkoki suka kife. Ta bayan direba ta faɗo ƙasa, murfinta ya ɓalle, ruwa ya malalo har ƙarƙashin ƙafafunmu.

Baba ya buɗe ƙofa. Ya sauka ya sa dutse a bayan taya, ya zagayo ya ɗauki jarkar nan ya mayar kan kujera. Ya daɗe yana kallon sunan da ke jikinta. Sannan ya ce, "Birkin ya zama dutse." Can kuma ya ce, "Tsohon kamshaf ɗin an zubar da shi."

Na ce, "Yana ƙarƙashin gadona."

Jiya muka je gareji tare, ni ce ɗauke da zanen. Wannan karon ban tsaya bayan ƙofa ba. Tsawa ya ce, "A'a, Direba, yau da lauya ka zo?" Baba ya ce, "Yi masa bayani." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na kafa idona a kan injin, na yi kamar da shi nake magana. Na jona agogo, na nuna masa allura. Na ce ya zauna ya taka birki sau uku a jere. Ya taka, a na uku ya daina dariya.

Ya ce, "To, 'yar boko, na asalin ba shi da tozon famfo. Da bakinki za ki riƙa hura mata mai?"

Na ce, "Ƙaramin famfon lantarki, mai sanyin turi."

Ya kalli Baba ya ce, "Wa ya koya wa wannan?" Ya cire hula ya sosa kai ya ce shi duk motocin da ya mayar kafireta na samari ne masu son ƙara, babu wanda ya taɓa kawo masa mai ɗaukar jarirai. Ba mugu ba ne, Baffa. Kunnensa ne ya fi idonsa aiki.

Yanzu an sake buɗe injin. Famfon ne ba a samu ba tukuna, an kawo biyu duk masu ƙarfin turi, na ce a mayar. Ni da bakina na ce a mayar! Saura kwana huɗu Shugaba ta zo. Amma ban san dalili ba, ba na jin tsoro.

Kurciya

*

Daga tashar jirgi, cikin gaggawa

Kurciya,

Sallama. Lafiyata ƙalau. Yanzun nan muka sauka na tarar da takardarki ta ranar Lahadi, wadda kika ce an saka na tsere. Ina rubutu a tsaye.

Raina ya ɓaci. Na zayyana miki komai dalla-dalla, ke kuma kin zauna kina yi wa gurnanin inji waƙa, wai zuciyar masoyi. Ashe ke ma ƙarar ta tafi da ke. Wannan ba littafi ba ne, rayukan 'ya'yan mutane ne. Kunyar da za ta hana ki faɗin kalma ɗaya a irin wannan wuri ba tarbiyya ba ce.

Ki kai wa Yaya wannan yanzu: KADA A ƊAUKI YARO KO ƊAYA A MOTAR NAN. Birkinta zai ci amana a kan tudu. In lokaci ya ƙure, a haƙura da aikin. Gara a rasa yaran ta wannan hanyar.

Baffa

*

Laraba, kwana uku da komawa makaranta

Baffana,

Wa alaikumus salam. Sannu da sauka, Allah ya huta gajiya. Muna lafiya. Umma har kasuwa ta taka jiya da ƙafarta.

Takardarka ta iso jiya da rana. Na karanta, na shiga ɗaki na yi kukana na minti goma, na wanke fuska. Na san ta yi saɓani da tawa ta ranar Talata a hanya, yanzu ƙila tana hannunka. Faɗan da ka yi kan kalmar da na haɗiye na karɓa, nawa ne. Amma na ƙarar ban karɓa ba. Na ce muryar ta yi daɗi, kuma ta yi. A littafi ma wanda ya fi iya zance ba shi ake aura ba, amma ai ba a hana mutum ya ce ya iya.

Ga yadda aka ƙare. Famfon ya samu ranar Alhamis, Tsawa da kansa ya hau babur ya nemo shi. Juma'a da hantsi aka tayar da mota. Babu gurnani, babu taron jama'a, sai wani ɗan sauti siriri kamar keken ɗinkin Umma. Na jona agogo. Allura ta hau sha tara ta tsaya kamar an kafa ta da ƙusa. Tsawa ya ce, "Tunkiya ta dawo." Baba ya ce, "Tunkiyar nake so." Da yamma muka sake hawa da jarkoki, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Ranar Asabar Shugaba ta zo da jakarta da tabaronta, ta zauna gaba, ni ina can baya. A tsakiyar tudu, inda ya fi tsayi, Baba ya tsaya da gangan. Ya taka birki sau biyar yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya saki, ya sa giya ɗaya, motar ta ɗaga kai ta hau kamar ba komai. Shugaba ta ce, "Wannan kuma na mene ne, Direba?" Ya ce, "Don ki gani da idonki, ranki ya daɗe." A ƙofar makaranta ta sauka ta gyara tabarau ta ce, "Litinin, bakwai da kwata. Kar a makara." Ta ƙara da cewa motar tana warin danshi, a shanya tabarmin ƙasa.

Litinin na bi su. Sarkin Kuka ya yi kukansa, Mai Tambaya ya tambaye ni ko ni ce sabuwar kwandasta, 'Yar Ƙarama ta yi barci tun kafin a kai tudu.

Baba ya ga idona ya yi ja jiya, ya karɓi takardarka ya sa tabarau ya karanta da kansa. Yanzu yana tsaye a kaina, wai in bar masa wuri a ƙasa. Ka yi haƙuri da rubutun.

'Yarka,
Kurciya

Ƙanena, ni ne. Yara sha huɗu na kai, sha huɗu na mayar wa iyayensu. Da na bi kunnena ban san da wane baki zan yi musu magana ba. Kada ka ƙara yi wa 'yata faɗa a takarda. In akwai sauran faɗa nawa ne, ka aiko mini da shi.

Yayanka